Kuskuren da Kaka Ya Kife da Ƙwarya

Ban tarar da shi ba. Saƙo ya same ni a makarantarmu ta 'yan mata a Birnin Kabi, motar kaya ta kawo ni Jega, daga nan aka ɗora ni a kan jaki zuwa Aliero, amma kafin in iso an kwana da kai Kaka makwancinsa. Tun a hanya bakina yake maimaita cewa mu na Allah ne, wurinsa kuma za mu koma. Zuciyata ce ba ta karɓa ba, sai da na shiga zaure na ga tabarmarsa a naɗe, an jingine ta da bango.

Kaka shi ne mahaifin Innata. Mai ɗori ne, kamar yadda ubansa ya kasance. Shi ya sa gaisuwar mutuwarsa ba ta yi kama da wadda na taɓa gani ba. Mutum zai shigo ya durƙusa a ƙofar ɗakin Iya, matarsa, ya ce ya haƙuri, sai kuma ka ga ya fara nuna wani wuri a jikinsa. Wani tsohon Bafillace da ya zo a ƙasa tun daga Andarai ya ɗage rigarsa ya bugi ƙwaurinsa da tafin hannu.

"Nan saniya tat taka ni, Iya. Ƙashi har waje. Ga shi yau da ita niz zo, ban hau komi ba."

Wata mata daga Jandutsi ta ɗaga hannunta sama tana jujjuya shi, tana kuka, tana cewa da shi take daka har yau. Wani kuma ya shigo. Ya tsaya a tsakar gida ya yi tsalle kamar yaro, hawaye na bin gemunsa, ya juya ya fita. Matan da ke zaune suka yi dariya, suka koma kuka.

Ni ina gefen Inna, ba ni da wurin da zan nuna. Abin da Kaka ya ɗora mini ba ya ganuwa, ban ma tabbata ya haɗe ba. Tsoro ya riga baƙin ciki samun wurin zama a ƙirjina.

Jarrabawar ƙarshe ta matso. Baturiyar da ke shugabantar makarantarmu ta ba ni izinin zuwa, amma ta faɗa mini a fili cewa ba za a ɗaga ranar saboda ni ba, ranar kuwa za ta faɗo kafin addu'ar bakwai. Waɗanda suka ci za a kai su Sakkwato a koya musu aikin malanta. Waɗanda suka faɗi za su koma gida, karatu ya ƙare ke nan. Karatu da rubutu da ɗinki ba su taɓa ba ni tsoro ba. Lissafi ne. Ga shi kuma tun ranar da na iso, Kawu, yayan Innata da ke zaune a Maiyama, ya yanke magana a tsakar gida: babu jinin gidan nan da zai taka hanya sai an shafa addu'ar bakwai.

Bari in koma baya kaɗan, don wanda bai san Kaka ba ya san abin da muka rasa.

Babana malami ne a Jega. A gabansa na yi karatun allo, a gabansa na koyi ajami, na haddace waƙoƙin wa'azi masu tsawo tun ban san ma'anar rabinsu ba. Abu biyu na ɗauka daga wannan zama. Na farko, abin da malami ya rubuta maka haddace shi ake yi, ba a tambayar dalili. Na biyu, ba a barin kuskure a kan allo ko na ƙiftawar ido. Da an gani sai a lashi yatsa a goge, saboda girman abin da ke rubuce. Da aka kai ni boko sai na tafi da su duka biyun. Sun taimake ni a ko'ina, ban da lissafi. Malamarmu za ta yi misali a baƙin allo, ni kuma in haddace shi tun daga farko har amsa, da muryar tilawa. Ranar da ta sauya lambobi sai in tsaya ina kallonsu kamar baƙin da suka shigo gida ba sallama. In na yi ba daidai ba kuwa, kafin ta iso kaina na goge, ta tarar da allona fes. Shekara ta kusa ƙarewa ina can ƙasan aji, rabawa ta zame mini gulbi a tsakiyar damina, ina bakinsa ina ganin 'yan'uwana a tsallake.

Hutun da ya wuce Inna ta ga ina ramewa, ba na cin abinci, sai ta tura ni Aliero in sha iska.

Kaka ba ya kiran sunana, domin sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Uwata yake ce mini. Ya lura da ni ina juya tuwo a akushi, ya ce, "Uwata, miyar Iya ta ba ta yi maki ba? Faɗa min a kunne, ni ma haƙuri nike da ita."

Iya ta ce, "Ka ji tsohon banza. Wa ke siɗe akushi kullum?"

Na yi ƙoƙarin dariya, kuka ya zo a madadinta. Na ce, "Kaka, kaina ba shi ɗaukar lissahi. Za a koro ni."

Ya ajiye lomar da ke hannunsa. Ya dube ni irin duban da yake wa wanda aka shigo da shi a kan ƙyaure.

"Kai duka? Tun daga goshi har ƙeya?"

"Duka."

"A'a. Kowa anka kawo min cewa shike ƙafa duka ta tahi. Ban taɓa samun haka ba. Wuri guda na. Gobe in mun yi asuba ki kawo min shi mu laluba."

Iya ba ta jira gobe ba. Ta aika wurin limamin unguwa aka kawo rubutun buɗe kai, ta tsaya a kaina sai da na shanye. Kaka bai hana ba. Cewa ya yi, "Sha, Uwata, da albarka. Ni ma ina tofi kan karaya. Amma ban taɓa yin tofi in koma ɗaki in bar ƙashi a goce ba."

Ya kamata in faɗi wani abu tun yanzu: Kaka bai san baƙi ɗaya na boko ba, har ya koma ga Allah bai iya rubuta lamba ba. Bai taɓa gaya mini amsar komai ba, domin bai san ta ba. Abin da ya sani shi ne yadda ake neman wurin da ya karye. Na sha ganinsa yana yi. Ba ya fara taɓa inda mai ciwo yake nunawa. Daga can sama yake farawa, inda lafiya take, yana gangarowa da babban yatsa a hankali, idonsa a kan fuskar mutum ba a kan ƙafar ba, har ya iso inda fuskar ta yamutse.

Haka ya yi mini. Da gari ya waye muka zauna a zaure, ya share ƙasa da gefen hannunsa, ya ba ni tsinke. Ya ce in fara da abin da ya fi sauƙi, wanda ko barci nake zan iya. Na yi tarawa. Ya ce in yi da ƙarfi yana ji, kamar shi ne ɗan aji. Na yi. Na wuce zuwa ɗebewa, na zuba masa misalin Malama tiryan-tiryan da muryata ta hadda, har da amsa. Ya gyaɗa kai kamar ya gamsu, sannan ya ce, "Madalla. To in anka ƙara biyu can sama hwa?"

Na ƙura wa lambobin ido.

"Ko ba a ƙarawa? Haramun na?"

Na sauya lambar, na yi, na ji a jikina ba daidai ba ne. Hannuna ya tafi da kansa zai share. Ban san tsoho yana da sauri haka ba. Ya cafke wuyan hannuna da yatsun nan nasa masu ƙarfi kamar awartaki.

"Mi za ki yi?"

"Kuskure na, Kaka."

"Aya ta?"

"A'a."

"To bar shi nan. In mai karaya ya ɓoye min ƙafa don kunya, mi zan ɗora? Wanga shi munka zo nema, kin kuwa samo shi za ki kore shi."

Na zauna ina kallon kuskurena a ƙasa, a fili, kaji na wucewa ta gefensa. Ban taɓa daɗewa ina kallon abin da na ɓata haka ba. Kunya ta rufe ni har kunnuwana suna zafi. Abin da na rubuta shi ne arba'in da biyu a ɗebe goma sha bakwai, na sami talatin da biyar. Ya ce in sake faɗa masa yadda na yi, sannu-sannu. Na ce biyu a ɗebe bakwai ba ta yiwuwa, sai a ari ɗaya.

"Daga wa?"

"Haka aka cewa."

"Wa ke cewa? Ni dai ina son in san gidan da anka aro ta. Ɗaya ba ta faɗowa daga sama."

Ban sani ba. Shekara da shekaru ina rera wannan magana, ban taɓa tambayar inda ɗayar take fitowa ba. Sai a lokacin na tuna cewa makon da aka koyar da aro ina kwance da zazzaɓi, da na tashi kuma na ji aji na rerawa sai na bi baki. Ashe ba rabawa ce ta kayar da ni ba. Karayar tana can baya, na yi ta tafiya a kanta.

Kaka bai ce mu ci gaba ba. Ya miƙe ya ɗauko wata ƙwarya daga cikin gida ya kife ta a kan lissafin don kada kaji su tone, ya ce, "Ya isa yau. Shi kwana nan, mu gan shi gobe." Raina ya ɓaci. Ina so in zauna har azahar, har la'asar, in gama da shi ko ya gama da ni. Ya ƙi. Ya ce kai da safe yake da sanyi, in rana ta ɗaga sai gardama. Ya kore ni fadama in taya matan gida cirar ciyawa a cikin albasa.

Yinin nan duka tambayarsa tana bina tsakanin kunyoyi. Daga wa? Washegari na riga shi zuwa zaure. A kusurwa akwai tsagaggen karan dawa da yake tarawa don ɗaure karaya. Na ɗebo, na ɗaɗɗaure su goma-goma da zare, ɗauri huɗu, na ajiye biyu a warwatse, ba don na gane ba, sai don in sami abin nuna masa ya bar ni in huta. Ya shigo ya zauna. Na ce ga arba'in da biyu. Ya ce to in fara ba shi bakwai. Na duba, biyu ne kawai a sake. Na kai hannu na kwance ɗauri guda, karare suka zube, suka zama goma sha biyu. Na ɗaga kai zan miƙa masa, idona ya faɗa kan ɗaurin da suka rage. Uku. Ba huɗu ba.

Ban san lokacin da na yi ƙara ba. Na ɗage ƙwaryar, na duba abin da na rubuta jiya, ga huɗun nan zaune cif kamar ba a taɓa ta ba. Ina aro, amma ba na rage maƙwabciya. Na gyara a gefe, na sami ashirin da biyar, na ba shi bakwai ɗin da ɗauri guda, na ƙirga kararen da suka rage, ashirin da biyar.

Kaka ya ce, "Ni har yanzu ban gane ba. Sake min."

Na sake. Ya ce in sauya lambobi in sake. Har yau ban sani ba ko da gaske bai gane ba, ko kuwa ya ga bakina yana gyaruwa duk lokacin da na maimaita. Na fi zaton duka biyun ne.

Daga nan abin ya zama al'ada. Kowace safiya kaɗan, ba mai yawa ba. Mu fara da buɗe ƙwarya mu ga na jiya, in faɗi da bakina inda na zame, sannan mu taɓa sabo. Wanda na ci ba ya ko kallonsa. In na kawo masa biyar daidai ɗaya ba daidai ba, sai ya ce, "Masu lahiya su tahi gida. Ina mai ciwon?" Kuma yakan tsayar da ni ne daidai lokacin da abin ya fara daɗi, wai don in kwana ina marmari.

A kan ƙwaryar nan ne na ga faɗan da ban taɓa gani ba tsakaninsa da Iya. Kusakuraina sun yi yawa a mako na biyu, ƙwarya ɗaya ba ta isa ba, Kaka ya dinga shiga yana ɗebo na Iya ɗaya bayan ɗaya, har da faifai. Ranar kasuwa Iya ta tashi dama fura ta rasa abin zubawa. Ta fito zaure ta tarar da kayanta a kife a jere kamar an yi shuka. Ta kwashe su, ta ɗauko tsintsiya ta share wurin tas. Da muka fito, Kaka ya tsaya turus.

"Wa yas share majinyatana?"

"Ni ta. Ƙorena na aure, ba na makarantar Nasara ba. Ka tsufa kana wasan ƙasa da jika, mutane na wucewa suna leƙe."

"Ke ba ki san wahalar da munka sha kahin mu same su ba!"

"Wahalar samun kuskure? Zo in ba ka naka kyauta, na tara su tun kahin a haihi uwar wagga ɗiya."

Ban taɓa jin Kaka ya ɗaga murya haka ba, ban kuma taɓa ganin an kayar da shi da magana ɗaya haka ba. Ya yi fushi ya ƙi shan furar. Iya ta ajiye masa a inuwa ta yi tafiyarta. Har la'asar ba su yi magana ba, ni kuwa ina tsakiya, ina ganin ni ce sanadi. Da yamma ta yi na ga furar ta ƙare. Washegari kuma muka tarar da fasassun tukwane a bakin zaure, an jera su, babu wanda ya ce shi ya kawo. Da su muka ci gaba da kifewa.

Ba kullum ake nasara ba. Akwai safiyar da na koma kamar ban taɓa koyon komai ba, na jefar da tsinken na ce na gaji, 'yan ajinmu ba sa shan wannan wahala, su da kai aka haife su. Kaka bai lallashe ni ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya ce in zauna in taya shi riƙe man shanu, yana da baƙuwa.

Wata mata ce daga Birnin Malam, wadda ya ɗora wa cinya tun kafin in zo. Ranar ce za a kwance ɗorin. Ya kwance, ya shafa, ya lalluba, ya ce ƙashi ya haɗe, ta tashi ta taka. Ta ƙi. Ta ce ita ta san ƙafarta, ba za ta ɗauke ta ba. Mijinta ya fara yi mata tsawa, Kaka ya ce ya fita ya duba jakinsa. Sannan ya durƙusa a gabanta, tsoho da shi, ya shimfiɗa tafin hannunsa a ƙasa.

"Ban ce ki yi tahiya ba, ɗiyata. Ɗora ƙafar nan bisa hannuna kawai. In ta karye, nawa ya karye tare."

Ta ɗora. Ya ce ta danna kaɗan. Ta danna. Ya ce ta ƙara. Da ya zare hannunsa ba ta ma sani ba, tana tsaye a kan ƙasa tana ta kuka. Ya hana ta yin fiye da zuwa bakin ƙofa da dawowa, ya ce gobe ta ƙara kaɗan. Bayan sun tafi na ga bayan hannunsa ya kuje da tsakuwa. Bai ce mini komai a kan lissafi ba. Ni na je na ɗauko tsinkena.

Ranar da zan koma makaranta ya raka ni har bayan gari, inda warin albasa yake ƙarewa. Ya ce, "Uwata, Malamarku tana cizo?"

"A'a."

"To ki kai mata mai ciwon da hannunki. Ni tambaya kawai na iya. Ita ta san amsa."

Wannan ya fi komai yi mini wuya. Ranar farko da na bar kuskurena a kan allo na ɗaga hannu, ji na yi kamar na fito kasuwa ba mayafi. Malama ta zo ta duba, ta daɗe tana dubawa, ta ce tun shigowata makarantar yau ne ta fara ganin yadda nake tunani. Ta nuna mini inda na ɓace cikin rabawa, abu ne ƙarami. Na samu wata ƙawa muka riƙa tashi bayan asuba, ina koya mata tana koya mini da ƙarfi, muna sauya wa juna lambobi. Makina ya fara tashi, ba tashin tsuntsu ba, tashin mai jinya: yau gaba, gobe baya kaɗan. Na bar ƙasan aji, amma ban isa inda hankali zai kwanta ba. Ina ta tara abubuwan da zan kai wa Kaka hutu mai zuwa. Sai saƙo ya zo.

To ga ni a gidan makoki, kwanaki na tafiya, maganar Kawu tana tsaye. Inna ba ta iya musa wa yayanta. Na kasa cin abinci, in na rufe ido lambobi nake gani suna watsewa. Ina jin kunyar kaina ma, ana kukan mutum ni ina tunanin jarrabawa. Bayan addu'ar uku na kai wa Iya ruwan alwala a ɗakin takaba. Ta dubi fuskata ta ce a kira mata Kawu.

Ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa. Ta yi magana ƙasa-ƙasa kamar yadda mai takaba take yi, amma kowa a tsakar gida ya ji.

"Ɗiyar nan gobe za ta koma."

"Iya, mi mutane za su ce? Jika ta bar makokin kakanta don karatun Nasara?"

"Su zo su ce min, ina nan zaune, ba inda za ni. Kai kana Maiyama lokacin da tsohon nan ya kwashe min ƙore, ya bar min fura tana tsami, safiya bayan safiya. Ban ga amfanin abin ba, har yau ban gani ba. Amma aikinai na, bai kuwa taɓa barin ɗori rabi ba. In kunka riƙe ta nan tah hwaɗi, kun binne shi sau biyu."

Kawu ya miƙe ya fita. Bai ce ya yarda ba. Amma da gari ya waye shi na tarar a ƙofar gida ya ɗaura wa jaki shimfiɗa, shi kuma ya ja akalar har Jega. Muka yi ta tafiya har muka hango rumfunan kasuwa. Ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Ni ma ya taɓa ɗora min hannu. Ban yi mashi godiya ba, ina ganin ubana na."

Ranar jarrabawa aka raba mana tambayoyin lissafi. Na fara da waɗanda na sani, don in ji ƙasa a ƙarƙashina. Na zo kan rabawa mai tsawo, na yi, na ji ba daidai ba. Na bi ta daga sama ina gangarowa layi-layi, leɓena na motsi ba murya, har na iso inda na zame. Na ja layi ɗaya a kai, na gyara a gefe. Wannan ya cinye mini lokaci. Aka ce a ajiye alƙalami ina tsakiyar ta ƙarshe.

Jiran sakamako ya fi jarrabawar zafi. Kullum sai in lissafa a raina abin da na ci da abin da na bari, kullum amsar daban. Ranar da Baturiya ta tara mu tana kiran sunaye, ta kira na ƙawata, ta kira wasu, ta kira wasu, har na fara tunanin yadda zan dubi Kawu. Sunana ya zo can kusa da ƙarshe. Ban yi fice ba. Na haye ne kawai, rigata a jiƙe.

Kafin a tafi da mu Sakkwato aka ba mu 'yan kwanaki mu yi sallama da gida. Na je Aliero. Zaure ya zama na ƙanen Innata, shi ya gaji ɗorin, na tarar da shi durƙushe a gaban wani manomi yana lalube. Na wuce ɗakin Iya. Ta rame, takaba ta sa ta yi shiru irin wanda ban san ta da shi ba. Na faɗa mata na ci. Ta ce alhamdu lillahi, ta daɗe tana jan carbi.

Sai na faɗa mata abin da ban faɗa wa kowa ba: tsoro nake ji har yanzu. An ce lissafin can ya fi wannan wuya, akwai na gutsattsari, rabi da sulusi da rubu'i ana tara su ana rabawa. Ban san wa zan kawo wa in na kakare ba. Ban san wa zai zauna ya ce bai gane ba har sai ni na gane.

Iya ta ajiye carbin. Ta dubi ƙofa kamar mai tsoron a ji ta.

"Ni ban iya tambaya irin tashi ba," ta ce. "Kuma kaina ya fi nashi tauri, kowa ya sani. Amma safiya ta yi min tsawo yanzu. In kin zo hutu, ki zo ki koya min."

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka da hannuwan da suka gaji da gyaran bayinka. Ka yalwata masa kabarinsa, ka sanyaya shi, ka yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka ba Iya tsawon rai har hutu, da hutun bayansa. Amin.